Mudi Mai Famfo da Memorin Gwaggo Marka

Labari ya zaga tun daga tashar Kafur har bakin kasuwar Malumfashi, wai auduga ta tsiro wa Mudi mai gyaran famfon feshi a kunne. Masu faɗa suka ce tun zamanin da yake dako a gidan gurzar auduga na Funtuwa wata ƙwayar angurya ta faɗa masa a kunnen dama, ta kwanta lamo shekara ashirin, sai bana da ruwa ya yi yawa ta samu danshi ta fito. Wani direba ya rantse ya ga furenta da idonsa. Wata mai ƙosai ta ce matarsa Laraba tana tsinka duk Juma'a, har ta haɗa matashin kai biyu, yanzu ta katifa take tarawa.

To, ku kwantar da hankalinku, babu abin da ya tsiro. Ni ɗan kawunsa ne, abokin wasansa tun muna yawo ba wando, kuma na leƙa kunnen nan da tocila: babu saiwa, babu ganye, sai dai dattin da ya isa a shuka gyaɗa. Audugar kam akwai ta. Amma shi yake cusa ta da hannunsa kullum bayan la'asar, wani lokacin kuma ya manta ya fito da ita cikin gari, a yi ta yi masa sallama yana wucewa kamar hakimi. Dalilin cusawar shi ne labarin.

An haifi Mudi a wata 'yar unguwar manoma a bayan Kafur, gida bakwai da rijiya ɗaya. Ubansa Sabo manomin dawa ne da auduga, ya rasu da daɗewa. Uwarsa Marka, wadda ni nake kira Gwaggo, tana nan da ranta, kuma har yau tana kan al'adar kakanninta ta Maguzawa. Mudi ya musulunta tun yana saurayi, ba ta hana shi ba, shi ma bai taɓa ɗaga mata murya a kan nata ba. Ya yi firamare zuwa aji huɗu, ya yi dako a Funtuwa, ya dawo ya kafa 'yar rumfa a Malumfashi yana gyaran famfon feshi, irin wanda manoma ke goyawa a baya. In famfo ya toshe, ko yana yoyo, ko hannunsa ya saki, Mudi zai saurare shi sau ɗaya ya faɗa maka ciwonsa.

Halinsa biyu ne, kuma su suka kai shi inda yake. Na farko, bai iya cewa a'a ba. In ka ba Mudi ajiyar akuya ka tafi Ikko, ka dawo bayan shekara goma, za ka tarar da garke, da bayanin wadda ta haifi wadda. Na biyu, ba ya yar da komai. Yana da wani gwangwanin madara a rumfarsa wanda in aka zazzage shi za a iya haɗa jirgin sama: roba, kusoshi, murfin biro, maɓallin rigar da ta mutu tun mulkin soja.

Ita kuwa Gwaggo Marka, duk matan ƙauyukan nan sun san ƙofarta. Maganin mata take bayarwa, na ciki da na jego da na goyo, abin da ta gada wurin kakarta. Magungunan talatin da uku ne, haka ta sha faɗa, kuma a gidansu suna da ƙa'ida. Ba a ba namiji, kunnensa ma ba ya ji. Ba a ba macen da ba ta taɓa haihuwa ba. Kuma in an tashi bayarwa, a ƙwarya guda ake zubawa, wato mutum ɗaya ke karɓa duka, ba a raba wa biyu.

Gwaggo ba ta da ɗiya mace a raye. Wadda ta zaɓa ita ce jikarta Adawiyya, 'yar Mudi, da ke aure a Mahuta shekara uku ke nan, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Tsohuwa kuma ta haura tamanin, ƙafa ta fara ƙin zuwa daji. Kowa ya ga inda abin ya dosa, babu mai faɗa.

Mudi ne ya kawo dabara, kuma ya sha gaya wa kansa daga baya cewa da ya sani ya yi shiru. Ya ce, "Inna, akwai abin da ake sa wa a waya yana riƙe magana. Ki faɗa masa, ya ajiye, ran da Adawiyya ta sauka sai ta ji daga bakinki."

Gwaggo ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wanga, abin namiji ne ko mace?"

"Ba ko ɗaya, Inna. Memori sunansa."

"Yana da baki?"

"Sai an buɗe shi."

"To kawo in gani."

Da wani ne, shago zai je ya sayi sabo. Mudi sai ya zazzage gwangwanin madara. Can ƙasa ya tsinci wani memori da ya ciro daga matacciyar wayar da wani malamin makaranta ya bar masa tun shekarun baya. A jikinsa an rubuta giga talatin da biyu ɓaro-ɓaro. Mudi ya san giga talatin da biyu na cin fim ya fi ɗari, balle maganar tsohuwa ɗaya. Ya goge shi da bakin riga ya kai mata.

Gwaggo ta ɗora shi a tafin hannu, ɗan abu kamar farcen yaro. Ta turara shi da hayaƙin wasu saiwoyi, ta taɓa shi a bakin tsohuwar ƙwaryar magungunanta sau uku, ta yi 'yan maganganu a kansa. Sannan ta ce, "Daga yau wanga shi ne ƙwaryata. Ba ya yini gidan wani, ba ya zuba wa wani abin da ke cikinsa, ba a yi masa ta biyu. Rantse da abin da kake bauta wa."

Mudi ya rantse da Allah, da alwalarsa.

Sai aka zo kan wa zai riƙe waya. Hannun Gwaggo na rawa, kuma in ta taɓa waya sai ta kashe ta ko ta kira wani. Laraba ba 'yar gidan ba ce, ba ta da hurumin ji. Saura Mudi, shi kuma namiji. Nan auduga ta shigo. Kullum bayan la'asar sai ya rufe rumfa, ya hau mashin zuwa ƙauye, ya zauna a ƙofar ɗakinta, ya cusa auduga a kunne biyu, ya naɗe rawani a kai, ya danna wurin ɗaukar murya, ya miƙa hannu cikin ɗaki yana kallon garu. In ta gama na ranar sai ta buga masa mafici a ƙafa. Magani ɗaya, yammaci ɗaya: sunan itacen, inda yake fitowa, ɓangaren da ake sara, lokacin da ake ɗiba, da abin da ake faɗa. Ana tsakiyar damina, lokacin da manoma ke layi a rumfarsa da famfuna, shi kuwa yana can hannu a miƙe kamar mai bara.

Ranar goma sha biyu, waya ta yi wani ɗan kuka ta tsaya. Ya duba. Ta ce wuri ya cika.

Ya kashe ya kunna. Ya cire batir ya hura ya mayar. Ya cire memorin ya goga a gashin kansa, wai ko tsatsa ce. Waya ta nace: ya cika. Magani goma sha ɗaya ke ciki, ashirin da biyu na cikin kan tsohuwa.

Washegari ya nufi shagon Mus'ab, mai tura fim da waƙa a waya kusa da tasha. Mus'ab mutum ne mai ilimin kwamfuta, amma kwamfutarsa bakin kasuwa ce. Duk abin da ya shiga cikinta sai ya fita ta wata ƙofar. Isah mai nama ya taɓa kai wayarsa gyara, a ciki akwai muryarsa yana lallashin matarsa da ta yi yaji. Kafin sati, 'yan acaɓa bakwai sun sa ta a matsayin ƙarar kira. Har yau in Isah ya wuce sai a ce masa, "Haba 'yar lele, dawo mana."

Saboda haka Mudi ya ce, "Malam Mus'ab, kafin ka sa abin nan, cire wayar lasifikarka."

"Ikon Allah. Mene ne a ciki, Malam Mudi? Sirrin gwamnati?"

"Ya fi. Cire dai. Kuma dubawa kawai za ka yi, kada ka buɗe komai."

Mus'ab ya cire yana dariya, ya sa memorin a ɗan abin karantawa, ya danna nan ya danna can. Wani dogon layi ya fito a allon: ɗan guntu shuɗi a farko kamar ƙwayar wake, sauran duk baƙi har ƙarshe.

"Ka ga matsalarka," in ji Mus'ab. "Memorinka ba jabu ba ne, giganka na nan. Wanda ya riƙe shi kafin kai ya yi amfani da shi wajen ɗora wa kwamfuta manhaja, aikin ya yanke masa ɗan wuri ya bar sauran a rufe. Kamar a ce kana da gona kadada talatin, aka kewaye maka ɗan fegin tumatir aka ce nan kaɗai za ka taka. Wayarka shuɗin nan kawai take gani."

"To a cire shingen mana."

"Sai an yi fomatin. A wanke shi tas, a mayar da gonar guda. Minti biyu ne."

"Alhamdu lillahi. Wanke."

"Amma fa garmar ba ta san shuka ba. Duk abin da ke fegin nan zai tafi."

Mudi ya kai hannu ya dafe na Mus'ab tun kafin ya motsa. 

Mus'ab ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ai sai in kwashe abin in ajiye a kwamfutata, in wanke, in mayar maka."

"Ba ya shiga kwamfutarka."

"To a wayarka."

"'Yar wayar nan ko hoto uku ba ta riƙewa."

"To sayi sabon memori ka ci gaba a can, wannan ka adana shi."

"Ba a yi masa na biyu."

Mus'ab ya jingina da kujera ya dube shi sama da ƙasa. "Malam Mudi, ba a kwafa, ba a ƙara, ba a wankewa. To ni me ka zo in yi maka, addu'a?"

Mudi ya karɓi abinsa ya ƙulle a gefen hula ya fita.

Bai yarda nan take ba. Ya je Funtuwa, shago huɗu, kowa maganarsa ɗaya. Na ƙarshen ma cewa ya yi wataƙila akwai hanyar faɗaɗa shi ba tare da wankewa ba, amma sai an bar masa shi kwana biyu, kuma ba ya ɗaukar alhakin abin da ya lalace. Mudi ya tuna rantsuwa, ya sa hularsa ya hau mota.

Ya koma wurin Gwaggo da lallashi. "Inna, ƙwaryar ta cika. In samo wata mu ƙarasa a ciki?"

"Mi ka ce?"

"Wata ƙwaryar. Ƙanwarta ce, kamfaninsu ɗaya."

"Kakata ta ce maganin da aka raba gida biyu ya zama ganye. In ka ga dama ka kawo goma, bakina ba ya buɗuwa."

"To in an wanke wannan za ta ɗauki duka, har da ƙari. Amma goma sha ɗayan da kika faɗa za su zube. Sai kin sake."

"To a wanke mana. Na mutu ne?"

Da a farkon damina ta faɗi haka, da Mudi ya tafi a guje. Amma a 'yan makonnin nan ya ga abin da ya ga. Sau biyu ta kira shi Sabo, ta tambaye shi ko ya ɗaure jaki, jakin da ya mutu Mudi na aji biyu. Ran nan ta nuna kaɗanyar da ke ƙofar gida, wadda ta sha inuwarta shekara sittin, ta ce, "Wancan itacen, mi ne ma sunansa?" Ta yi dariya ta wuce, shi bai yi ba. Goma sha ɗayan nan ta faɗe su ne kanta na garau. In ya wanke, wa ya tabbatar masa za su dawo? In kuma bai wanke ba, ashirin da biyu za su bi ta kabari, kuma ta sha cewa manyan suna ƙarshe.

Haka ya zauna wata guda cur, gaba siyaki baya damisa. Memori na gefen hula, ko wanka zai shiga sai ya rataye hular inda zai riƙa ganinta. Ya rame har wuyansa ya zama na zalɓe. Aiki ya lalace: ya ɗaura wa famfon wani bututun wani, mai gona ya je feshi maganin ya riƙa fita ta baya yana jiƙa masa wando. Laraba ta ce in an zuba masa tuwo sai ya yi ta yanka shi gida-gida yana lissafi da yatsa, goma sha ɗaya nan, ashirin da biyu can, har miya ta huce. Yakan kira Adawiyya a waya ya yi ta kewaye-kewaye, ya jiki, ya gida, ba wani labari? Kunya ba ta barinsa ya tambayi abin da yake son tambaya, ita ma ta gane, sai ta ce, "Lafiya lau, Baba," su kashe waya. Kowace safiya kuma in waya ta yi ƙara daga ƙauye, sai ya fara tambayar lafiyar tsohuwa tun kafin gaisuwa.

Mafitar, in mafita ce, a rumfa ta same shi. Wani tsoho ya kawo famfo ya ce ya manta yadda ake haɗa shi, amma da Mudi ya fara sai tsohon ya riƙa cewa, "Yauwa, sai wancan, sai robar nan." Mudi ya tsaya da sukudireba a hannu. An hana namiji ji, an hana bare ji. Ba a hana mai maganar jin maganarta ba.

Ya sayi abin sa wa a kunne, ya kai ƙauye, ya saka wa Gwaggo da hannunsa, ya kunna mata na ranar farko, ya ja baya can gindin kaɗanya inda ba ya jin komai sai in ta ɗaga murya. Ta kuwa ɗaga.

"Wace tsohuwa ce wagga mai murya kamar ƙofar langa-langa?"

"Ke ce, Inna!" ya amsa daga nesa.

"Ƙarya kake! ... A'a, to, nan ta faɗi daidai. Wa ya gaya mata?"

Kwana goma sha ɗaya tana sauraron kanta, tana gardama da kanta, wani lokacin ta gyaɗa kai, wani lokacin ta yi tsaki. Ta sa aka kawo mata igiyar rama. Duk wanda ta saurara ta maimaita har ya zauna, sai ta yi masa ƙulli, kowane da irin nasa: wani ta soka masa ɗan ganye, wani tsinke, wani gashin kaza. Ranar ƙarshe ta shafa igiyar daga sama har ƙasa, bakinta na motsi, ta ce, "Suna nan. Tafi ka wanke, ka dawo yau, kada ka tsaya gaisuwa."

Mudi ya isa shagon Mus'ab da hantsi. Aka cire wayar lasifika ba sai ya roƙa ba. Dogon layin ya fito, wake shuɗi da baƙin fili. Mus'ab ya goge shuɗin, layin ya koma baƙi gaba ɗaya, ya haɗa shi guda, sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci.

"Me ya ce?"

"Ya ce duk abin da ke ciki zai tafi, ba dawowa. Ka yarda?"

"Tsaya. Tun ba ka goge shuɗin ba ya kamata ya tambaya."

"Ya tambaya, kana rufe da ido. In danna?"

"Ɗaga hannunka. Ni na rantse, ni zan danna."

Ya yi bisimilla, ya ɗora yatsan nan nasa mai kaushin ƙarfe, ya danna. Wani koren abu ya taso daga hagu ya tafi dama, bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Shi ke nan. Kwana goma sha ɗaya na bakin uwarsa, da wata guda na rashin barcinsa. Layin ya koma shuɗi tun daga farko har ƙarshe.

"Ga gonarka," in ji Mus'ab. "Giga ashirin da tara da ɗoriya."

"Talatin da biyu aka rubuta. Ina sauran?"

"Haka suke duka. Ka taɓa auna buhu ka samu abin da aka ce yana ci cif?"

Mudi bai tsaya gardama ba. Ya hau mashin, kuma waɗanda suka gan shi a hanyar Kafur sun ce ko kaji ba su samu damar tsallakawa ba.

Aka koma farko. Auduga, rawani, hannu a miƙe, ido a garu. Mudi ba ya jin komai, amma yana satar kallon igiyar ta gefen ido. Duk yammacin da ta gama, sai ta kwance ƙulli ɗaya kafin ta buga masa mafici. Na ɗaya ya kwance. Na biyu. Na biyar, na shida. Ya fara cin tuwo kamar mutum.

Ran na takwas, ƙulli mai gashin kaza, ya miƙa hannu ya jira. Hannu ya gaji ya canza. Inuwa ta bar ƙofa ta hau garu. Mafici bai zo ba. Da ya waiga, sai ya ga Gwaggo zaune da ƙullin tsakanin yatsu tana murza shi, bakinta a rufe, idonta na kan ƙasa. Ta shinshina gashin kazar. Ta mayar da igiyar baya ta faro daga na ɗaya tana bi, ta zo kansa ta tsaya. Har aka kira magariba a masallacin ƙauyen gaba ba ta ce uffan ba. Waya ta ɗauki shirun nan duka, awa biyu da wani abu, yanzu wuri ba ya yi mata kaɗan.

Ya cire audugar. "Inna?"

"Ya tafi," ta ce. "Jiya yana nan."

"Ko gobe zai dawo."

"Ko gobe."

Bai dawo ba. Kwana uku suna zama a kansa, a na huɗu ta tsallake shi ta kama na tara. Mudi bai san ko na mene ne ba, ba kuma zai taɓa sani ba. Abin da ya sani, watan jiya yana cikin hularsa, kuma da yatsansa ya danna. Ya ce wa Laraba wani lokacin in yana gyara sai ya tsaya yana kallon yatsan.

Sauran sun zo. Ta gama goma daga cikin sha ɗayan, ta shiga sababbin, yau suna kan na ashirin da shida. Sai dai tunda Gwaggo ta ji an ce ƙwaryar yanzu ba ta cika, ta saki jiki. Maganin da a da take gamawa a yammaci ɗaya yanzu yana cin huɗu. Daga yadda take nuni da hannu da dariyar da take yi ita kaɗai, Mudi na zargin tana haɗawa da tarihin duk matar da ta taɓa ba shi, da wadda ta gode da wadda ba ta gode ba. Ya tambayi Mus'ab giga ashirin da tara awa nawa ne na magana. Mus'ab ya lissafa ya ce in irin ɗaukar 'yar wayarsa ce, ko kullum za a yi, sai dai jikokinsa su ƙarasa. An yi masa tayin aikin kula da injinan ban ruwa a wata babbar gona wajen Maska, da ɗaki da komai, ya ce a ba wani. Bikin da ya wuce la'asar ba ya zuwa. Daga Mahuta kuma har yanzu lafiya lau ce kawai. Igiyar na rataye a ƙusa a ɗakin Gwaggo, duk ta warware sai ƙulli guda a tsakiya, kuma wani yammacin takan sauke ta ta riƙe kafin a fara.

Ran Talatar da ta wuce na biya ta rumfarsa, na tarar yana ta haɗa kaya zai rufe, ga mutum uku da famfunansu suna roƙo. Na ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Riƙon Waya, an tashi fada ke nan? Ni dai shawara na kawo. Kai ma kanka ya cika, jiya an ce ka sa wa mashin ruwa ka sha fetur. Mu je wurin Mus'ab ya yi maka fomatin, minti biyu ne, ka dawo sabo fil."

Bai ko ɗago ba. Ya ɗaure gwangwanin madararsa a bayan mashin, ya gyara hula, ya taka kik. Sai da injin ya tashi ya dube ni.

"Zakari, ai ni abin da ke kaina ne ya hana a wanke. Kai kuwa naka tun ran suna yake a wanke, fili fetal, shekara hamsin da biyar babu wanda ya yarda ya ajiye ko sunan ganye ɗaya a ciki. Matsa min, Inna na jira."